Gunpei Yokoi

Gunpei Yokoi (an haife shi ranar 10 ga watan Satumba, 1941, ya mutu ranar 4 ga watan Oktoba, 1997) injiniya ne ɗan ƙasar Japan, mai ƙirƙirar kayan wasan yara da wasannin bidiyo. Ya yi shekara 31 yana aiki da kamfanin Nintendo, inda ya shiga a matsayin mai kula da injinan buga karta, ya fita yana shugaban sashen bincike mafi daɗewa a kamfanin. An fi saninsa da ƙananan na'urorin wasa na hannu guda biyu, Game & Watch da Game Boy, da kuma maɓallin nan mai siffar alamar tarawa da ake dannawa da babban yatsa domin juya ɗan wasa sama ko ƙasa, hagu ko dama. Shi ne kuma ya yi wa Shigeru Miyamoto jagora lokacin da yake haɗa wasan Donkey Kong.

Japanawa suna fara kiran sunan iyali ne kafin sunan yanka, don haka a gida Yokoi Gunpei ake ce masa. A wasu rubuce-rubucen za a ga an rubuta Gumpei, domin sautin n yakan koma m idan ya zo gaban p ko b, kamar dai yadda Bahaushe ke rubuta gidan Bala amma ya furta gidam Bala.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Yokoi a Kyoto, tsohon babban birnin Japan, kimanin wata uku kafin ƙasar ta shiga yaƙi da Amurka. Mahaifinsa darakta ne a wani kamfanin haɗa magunguna, saboda haka bai tashi cikin rashi ba. Tun yana yaro hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, ya fi son kwance abubuwa ya sake ɗaurawa, musamman ƙananan jiragen ƙasa na wasa. Ya yi karatun injiniyancin lantarki a Jami'ar Doshisha da ke Kyoto, ya kammala a shekarar 1965. Bai fita da sakamako na a zo a gani ba, manyan kamfanonin kayan lantarki kuma ba su ɗauke shi aiki ba. Nintendo ne ya ɗauke shi, ga shi kuma kusa da gida.

A wancan lokacin Nintendo ba shi da wata alaƙa da kwamfuta ko talabijin. Fusajiro Yamauchi ne ya kafa shi a 1889 domin yin hanafuda, wata irin karta ta gargajiya mai zanen furanni, wadda ma'anar sunanta ita ce kartar fure. Hiroshi Yamauchi, wanda ya karɓi ragamar kamfanin a 1949, ya ga cewa cinikin karta yana da iyaka, sai ya shiga gwada wasu sana'o'in, har da motocin haya da shinkafar da ake dafawa nan take. Babu wadda ta ɗore. Bayan gasar Olamfik ta Tokyo a 1964 cinikin kartar ma ya faɗi. Cikin wannan hali aka ɗauki Yokoi ya riƙa duba injinan masana'anta.

Kayan wasan yara

Aikin ba shi da yawa, injinan ba sa yawan lalacewa, sai Yokoi ya riƙa amfani da kayan aikin masana'antar yana ƙera abin da ya ga dama. A 1966 Yamauchi ya shigo zagaye ya tarar da shi yana wasa da wani hannu na katako mai gaɓoɓi a harɗe, wanda idan aka matse ƙarshensa ɗaya sai ya miƙe ya cafko abu daga nesa. Aka kira shi ofis. Ya tafi yana zaton faɗa za a yi masa, sai aka umarce shi da ya mayar da abin hajar sayarwa kafin bukukuwan ƙarshen shekara. Aka sa masa suna Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga nan aka ɗauke Yokoi daga ɗakin injina aka mayar da shi sashen ƙirƙira.

Cikin shekarun da suka biyo baya ya fitar da Ultra Machine, injin da ke jefo ƙwallo mai laushi domin yara su koyi bugun besbol a cikin ɗaki, da Ultra Scope, madubin leƙe da ake ɗagawa sama a ga abin da ke bayan katanga, da wata motar wasa mai suna Lefty RX wadda hagu kawai take iya juyawa, domin cire juyin dama ya rage kuɗin ƙerawa sosai. Wanda ya fi ba da dariya shi ne Love Tester na 1969. Saurayi da budurwa kowanne zai riƙe ɗan ƙarfe da hannu ɗaya, su riƙe hannun juna da ɗayan, sai allurar na'urar ta nuna wai ƙarfin soyayyarsu. A gaskiya ba ta auna komai sai yadda lantarki ke ratsa jikin mutum biyu. Abin da ake sayarwa shi ne dalilin riƙe hannu, a ƙasar da ba a saba yin hakan a bainar jama'a ba.

Masayuki Uemura, wani injiniya na kamfanin Sharp, ya zo Nintendo yana tallar ƙananan na'urori masu jin haske. Yokoi ya ga za su yi amfani a wasan harbi: bindiga ta fitar da haske maimakon harsashi, abin da aka auna kuma ya ji hasken ya faɗi. Bindigogin hasken sun fito a 1970 suka karɓu, Uemura ma daga baya ya baro Sharp ya dawo Nintendo. A 1973 kamfanin ya faɗaɗa dabarar ya mayar da tsofaffin gidajen wasan bolin, waɗanda yayinsu ya wuce aka rufe su, zuwa wuraren harbi da bindigar haske, ƙarƙashin sunan Laser Clay. An zuba kuɗi masu yawa. Ana cikin haka rikicin man fetur na ƙarshen 1973 ya girgiza tattalin arzikin Japan, masu oda suka janye, Nintendo ya afka cikin bashin da ya ɗauki shekaru yana biya. Yokoi ya ci gaba da ƙananan wasannin harbi, ciki har da Wild Gunman na 1974, wanda ke haska fim ɗin ɗan bindiga a bango, mai wasa ya yi ƙoƙarin riga shi harbi.

Game & Watch

Wata rana Yokoi yana cikin jirgin ƙasa mai gudun tsiya na Shinkansen, sai ya ga wani ma'aikaci da zaman ya gundura yana ta danne-dannen kalkuleta don kashe lokaci. Ya yi tunanin ƙaramar na'urar wasa da babban mutum zai iya ɓoyewa a tafin hannu ya yi wasa ba tare da an gane ba. Damar faɗa wa Yamauchi ta zo ne ranar da direban shugaban bai da lafiya, aka nemi Yokoi ya tuƙa shi zuwa wani taro. A hanya ya faɗi tunaninsa, shugaban bai nuna ya damu ba. Amma a wajen taron Yamauchi ya haɗu da shugaban kamfanin Sharp ya yi masa maganar, bayan 'yan kwanaki sai ga mutanen Sharp a Nintendo.

Lokacin ya dace. A shekarun 1970 Sharp da Casio sun yi ta gasar karya farashin kalkuleta, har fuskar da ke nuna lambobi da ɗan guntun da ke yin lissafin suka zama kamar kyauta. A fuskar kalkuleta, kowace lamba guntayen layuka bakwai ne da ake kunnawa ko a kashe. Yokoi da abokin aikinsa Satoru Okada suka maye gurbin layukan da ƙananan zane-zane: hannu a nan, ƙwallo a can, mutum a tsaye, mutum a faɗe. Idan aka kunna su ɗaya bayan ɗaya sai ido ya ga kamar motsi. Aka ƙara agogo a ciki, wanda daga nan sunan ya samo asali, wato wasa da agogo.

Na farko, mai suna Ball, ya fito ranar 28 ga watan Afrilu, 1980. Wani ɗan mutum ne ke jefa ƙwallaye sama yana cafewa kamar mai wasan carafke, aikin mai wasa shi ne kada ko ɗaya ta taɓa ƙasa. A Fire, ma'aikatan kashe gobara biyu ne ke tare mutanen da ke tsallowa daga bene mai cin wuta, su cilla su har cikin motar asibiti. A Manhole kuwa, mutum ɗaya ne ke ta guje-guje da murfin kwalbati yana toshe ramuka kafin masu tafiya su afka. Kowace na'ura wasa ɗaya ne a cikinta, mai mataki biyu, mai sauƙi da mai wuya. An yi su ne domin manya, amma yara suka ƙwace kasuwar.

An fitar da kusan iri 60 tsakanin 1980 da 1991, aka sayar da guda miliyan 43.4 a faɗin duniya. Ribar ce ta biya bashin da kamfanin ya ɗauko tun 1973, ta kuma samar da jarin da aka ƙera na'urar wasa ta talabijin da shi. Har a Tarayyar Sobiyet an kwaikwaye su ƙarƙashin sunan Elektronika.

A 1982 aka so mayar da Donkey Kong cikin Game & Watch. Wasan yana buƙatar tafiya ta fuska huɗu, a gidajen wasa kuma sanda ake kamawa a juya, sanda kuwa ba za ta bari na'ura mai ninkewa ta rufu ba. Sashen Yokoi ya fito da maɓalli guda, shimfiɗaɗɗe, mai siffar alamar tarawa, wanda babban yatsa ke gane kowane ɓangarensa ba sai an duba ba. Sunan Ichiro Shirai, ɗaya daga cikin injiniyoyin sashen, shi ne a kan takardar mallakar fasahar a Amurka, ko da yake yawanci Yokoi ake jingina wa ita. Ita wannan na'ura fuska biyu gare ta, sama da ƙasa, tana rufuwa kamar littafi, siffar da Nintendo DS ya dawo da ita a 2004.

Donkey Kong da gidajen wasa

A ƙarshen shekarun 1970 kuɗin wasannin bidiyo yana cikin manyan akwatunan da ake jefa wa tsaba ne, waɗanda ake ajiyewa a shaguna da gidajen wasa. Space Invaders na kamfanin Taito ya fito a 1978, Pac-Man na Namco a 1980. Nintendo ya aika wani wasan harbi mai suna Radar Scope zuwa Amurka, akwati 3,000, kimanin 2,000 suka yi kwantai a ɗakin ajiya. Minoru Arakawa, surukin Yamauchi kuma shugaban reshen Amurka, ya roƙi a aiko da sabon wasa da za a sa a cikin akwatunan.

Aka ba Shigeru Miyamoto aikin. Matashi ne mai zane da ya shiga kamfanin a 1977, bai taɓa tsara wasan bidiyo nasa ba, ba kuma injiniya ba ne, don haka aka ɗora Yokoi a kansa. Da farko sun so amfani da taurarin zanen Popeye, da izini bai samu ba sai Miyamoto ya zana nasa: goggon biri da ya sace wata budurwa, da kafinta mai gashin baki da ke hawa tsani yana tsallake gangunan da birin ke gangarowa. Donkey Kong ya fito a watan Yuli na 1981, ya ceci reshen Amurka. Kafintan shi ne daga baya aka kira Mario.

Su biyun sun sake haɗuwa a Mario Bros. na 1983. A Donkey Kong, Mario yakan mutu idan ya faɗo daga wuri mai ɗan tsayi. Yokoi ne ya ba da shawarar a bar shi ya diro daga ko'ina ba tare da ya ji ciwo ba, da kuma a riƙa bugun abokan gaba ta ƙarƙashin daɓen da suke tafiya a kai. Miyamoto ya yi ɗari-ɗari da farko, yana ganin wasan zai yi sauƙi da yawa, daga baya ya yarda. Da yawa daga cikin wasannin Mario da suka zo bayan nan a kan wannan 'yancin tsalle aka gina su.

Famicom, na'urar da ake jonawa da talabijin, ta fito a Japan a 1983. Sashen Uemura ne ya ƙera ta, amma maɓallin Game & Watch aka ɗora a kan abin riƙewarta. A daidai lokacin kasuwar wasannin bidiyo ta Amurka ta durƙushe, 'yan kasuwa ba sa son ko jin sunansu. Yokoi ya ƙera wani ɗan butum-butumi mai suna R.O.B., wanda ke karɓar umarni daga walƙiyar hasken talabijin, aka haɗa shi da na'urar lokacin da ta shiga Amurka a 1985 da sunan NES, domin masu shaguna su ɗauke ta a matsayin kayan wasan yara. Wasa biyu kacal aka yi masa, amma ya buɗe ƙofar. Tsohuwar bindigar haske ma ta dawo tare da Duck Hunt, wasan harbin agwagi mai karen nan da ke yi wa mutum dariya idan ya yi kuskure.

Sashen Yokoi ya fitar da Metroid da Kid Icarus a 1986, Dr. Mario a 1990, sannan ya yi aiki da kamfanin Intelligent Systems a kan Fire Emblem na farko. A Metroid, wanda ya gama wasan da sauri yakan ga jarumin ya cire sulke, sai ga shi ashe mace ce, Samus Aran, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Wario ma a sashen aka haife shi a 1992, sunansa kuwa haɗin Mario ne da kalmar warui, wato mugu ko marar kyau.

Game Boy

Yokoi yana da suna da yake kiran hanyar aikinsa da shi a Japananci, kareta gijutsu no suihei shiko. Kalmar kareta tana nufin abin da ya bushe, kamar ganye ko itace, amma a bakin injiniyoyi tana nufin fasahar da ta kwana biyu, aka san duk matsalolinta, farashinta kuma ya faɗi. Ragowar kalmomin suna nufin tunani ta gefe, wato neman wani amfani dabam ga abin da kowa ya riga ya sani. Fuskar kalkuleta da ta zama filin wasa misali ne, na'urar jin haske da ta zama abin harbi ma haka. Game Boy ne ya fi kowanne gwada wannan ra'ayi, domin a nan ne abokan hamayya suka bi ɗaya hanyar.

An fara aikin ne da saɓani. Yokoi yana son magajin Game & Watch, abin wasa mai sauƙi. Okada yana son ƙaramin Famicom da ake canza wa kaset, kuma ra'ayinsa ne ya fi rinjaye a tsarin cikin na'urar. Inda Yokoi ya kafe shi ne fuska: ba za a sa launi ba. Fuska mai launi a wancan zamani sai da fitila a bayanta, fitila kuma tana shanye batir tana ƙara tsada. Yakan ba da misali da cewa ko da baƙar tawada aka zana mutum-mutumin ƙanƙara, mai kallo fari zai gani a ransa.

Aikin ya kusa rushewa. Da aka kai wa Yamauchi samfurin farko, ya riƙe shi ta kusurwar da ba a tsara ba, bai ga komai sosai ba, ya ce a dakatar, alhali Sharp ya riga ya zuba kuɗi a shirin ƙera fuskar. Yokoi ya ɗauki wannan lokaci a matsayin mafi muni a rayuwarsa ta aiki. Sai da Sharp ya kawo wata irin fuskar da ake iya gani ta gefe sannan aka ci gaba. A cikin kamfanin ma wasu ba su yi wa na'urar zaton alheri ba. Lambar aikin ita ce DMG, sai suka riƙa tsokana suna danganta ta da kalmar dame, wadda ke nufin abin da ba shi da amfani.

Game Boy ya fito a Japan ranar 21 ga watan Afrilu, 1989, a kan yen 12,500, ya shiga Amurka ranar 31 ga watan Yuli a kan kimanin dala 90. Fuskarsa ɗigo 160 ne a kwance da 144 a tsaye, launinta kore-kore mai mataki huɗu daga haske zuwa duhu, ba fitila, sai an nemi wuri mai haske. Atari Lynx, wanda ya fito a shekarar, da Game Gear na Sega, wanda ya biyo baya a 1990, duka suna da launi da fitila. Amma kowannensu batir 6 yake ci ya shanye cikin sa'o'i 3 zuwa 5, Lynx kuma farashinsa ya kusa ninka na Game Boy. Batir 4 na Game Boy suna wuce sa'o'i 10 da nisa. Ga uban da zai riƙa sayen batir duk mako, wannan lissafi ya fi launi muhimmanci.

Sa'a ma ta taimaka. Henk Rogers ya je Mosko a 1989 ya samo wa Nintendo izinin sa Tetris, wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a 1984, a na'urar hannu. Tetris ba ya buƙatar launi, ba ya buƙatar sanin wani harshe, manya da yara duk suna yi. An haɗa shi da Game Boy a Amurka da Turai, aka sayar da kwafi kimanin miliyan 35. Na'urar kuma tana da ƙarko: akwai wadda ta ƙone a barikin sojan Amurka lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, robarta ta narke amma tana aiki, aka daɗe ana nuna ta a shagon Nintendo na New York. A 1993 ɗan sama-jannatin Rasha Aleksandr Serebrov ya tafi da tasa tashar Mir.

A gefen na'urar akwai wata 'yar kafa ta jona waya tsakanin Game Boy biyu. Satoshi Tajiri ya kalli wayar ya yi tunanin ƙwari suna bi ta cikinta daga wannan na'ura zuwa waccan, daga nan Pokémon ya samo asali. Ya fito a watan Fabrairu na 1996, lokacin da ake ganin Game Boy ya tsufa, ya sake tayar da kasuwarsa. Idan aka haɗa da Game Boy Color, an sayar da guda miliyan 118.69.

Virtual Boy da barin Nintendo

A farkon shekarun 1990 wani kamfanin Amurka mai suna Reflection Technology ya kawo wa Nintendo wata fasahar nuna hoto: layi ɗaya na ƙananan fitilu ja da madubi mai kaɗawa da sauri, wanda ke sa ido ya ga cikakken hoto yana shawagi cikin duhu. Yokoi ya ga cewa idan aka ba kowane ido nasa, za a ga zurfi kamar a zahiri. Dama yana ƙorafin cewa wasanni suna ƙara wuya, suna zama na ƙwararru kawai, kamfanoni kuma ba abin da suke gasa a kai sai kyawun hoto. Yana neman abin da talabijin ba zai iya nunawa ba.

Abin da ya fito kasuwa bai yi kama da abin da aka fara zato ba. An so a ɗaura shi a kai kamar tabarau, amma tsoron haɗari da sabuwar dokar Japan kan alhakin masu ƙera kaya suka sa aka ɗora shi a kan ƙafafu, sai mutum ya zauna gaban tebur ya sunkuya ya cusa fuska. Ja da baƙi kaɗai yake nunawa, domin jan fitila ce mafi araha. An gargaɗi iyaye kada yara 'yan ƙasa da shekara 7 su yi amfani da shi, masu wasa kuma suka riƙa kukan ciwon kai da na wuya. Hankalin kamfanin ma ya koma kan Nintendo 64. Virtual Boy ya fito a Japan ranar 21 ga watan Yuli, 1995, a Amurka kuma a watan Agusta a kan kimanin dala 180. Wasanni 22 kawai aka yi masa, aka sayar da kimanin guda 770,000, aka daina ƙera shi a Japan kafin shekarar ta ƙare. Bai taɓa shiga Turai ba. Wata matsalar da ba a cika ambata ba ita ce, na kusa da mai wasa ba ya ganin komai, alhali yawancin abubuwan da Yokoi ya yi nasara da su a baya yaro ne ke gani a hannun wani yaro ya koma gida ya matsa wa iyayensa.

Yokoi ya bar Nintendo ranar 15 ga watan Agusta, 1996. Jaridu suka ruwaito cewa faɗuwar Virtual Boy ce ta kore shi, labarin kuma ya bi shi har yau. Kamfanin ya musanta, shi ma ya rubuta a wata mujalla ya musanta. Tun da daɗewa yana da niyyar ajiye aiki yana ɗan shekara 50 domin ya koma ƙera abin da yake so ba tare da nauyin babban kamfani ba, jinkiri ne ya kai shi 54. Bai kuma tafi nan take ba, sai da ya tsaya ya kammala Game Boy Pocket, ƙarami mai batir 2 da fuska mafi kyau, wanda ya fito ranar 21 ga watan Yuli, 1996, ya kuma karɓu.

Ya kafa nasa kamfanin mai suna Koto a Kyoto tare da wasu tsofaffin yaransa. Suka fara da ƙananan wasanni da ake rataya wa a jikin makulli, sannan suka shiga aiki da kamfanin Bandai a kan sabuwar na'urar hannu. A 1997 aka wallafa littafin hirarraki da shi, wanda Takefumi Makino ya tsara, inda ya ba da tarihin abubuwan da ya ƙera.

Mutuwa

Ranar 4 ga watan Oktoba, 1997, Yokoi yana cikin motar da wani abokin hulɗarsa ke tuƙawa a babbar hanyar Hokuriku, a lardin Ishikawa, sai suka bugi wata mota ta baya. Haɗarin bai yi tsanani ba. Sun fito suna duba ɓarnar, wata motar da ke wucewa ta buge shi. An kai shi asibiti a garin Komatsu, ya cika bayan kimanin sa'o'i 2, yana da shekara 56.

Bayan mutuwarsa

Na'urar da ya fara da Bandai ta fito ranar 4 ga watan Maris, 1999, da sunan WonderSwan. Baƙi da fari ce, batir 1 take ci, ana iya riƙe ta a tsaye ko a kwance, farashinta yen 4,800. Ɗaya daga cikin wasannin farko an sa masa suna Gunpey domin tunawa da shi. A Japan kaɗai aka sayar da ita, ba ta kuma iya ture Game Boy Color ba, wanda ya riga ta fitowa da 'yan watanni. A 2003 taron masu tsara wasanni na duniya ya ba shi lambar yabo ta aikin rayuwa.

Sau da yawa ana cewa shi ya ƙirƙiri Tamagotchi, ɗan abin wasan nan mai siffar ƙwai da ake kiwon dabba a ciki. Kuskure ne da sunan iyali ya jawo: Akihiro Yokoi ne ya yi shi tare da Aki Maita ta kamfanin Bandai.

Aikinsa ya isa wuraren da Nintendo bai taɓa buɗe shago ba. Yawancin yaran Najeriya na shekarun 1990 da 2000 ba su riƙe Game Boy na asali ba, amma sun san ƙaramar na'urar tubala mai baƙi da fari da ake kawowa daga Sin, da kwaikwayon Famicom mai kaset da bindigar harbin agwagi. Bindigar da maɓallin juya ɗan wasa duka daga sashensa suka fito.

Ɗan mutumin Game & Watch, baƙi wuluk kuma shimfiɗaɗɗe, ya zama ɗan wasa a Super Smash Bros. Melee a 2001. A 2020 Nintendo ya sake fitar da Game & Watch mai ɗauke da Super Mario Bros., aka saka Ball a ciki. A watan Oktoba na 2024 kamfanin ya buɗe gidan tarihinsa a garin Uji, kusa da Kyoto, a harabar wata tsohuwar masana'antarsa ta karta, inda baƙi ke iya gwada sababbin samfuran Ultra Hand da Ultra Machine da Love Tester.